Sabina Khatun da Shekarun Share Fage

A shekarar 2004, lokacin da aka shirya gasar ƙwallon ƙafa ta mata karo na farko a Bangladesh, sai da aka jibge 'yan sanda a filin wasa na birnin Dhaka kafin alƙalin wasa ya busa usur. Wasu ƙungiyoyin addini sun fito zanga-zanga, suna cewa ba za ta saɓu ba 'ya'ya mata su fito fili suna guje-guje a gaban jama'a. Haka aka yi gasar cikin ɗari-ɗari aka tashi. A lokacin Sabina Khatun ba ta wuce shekara 11 ba, tana can garinsu Satkhira, a kudu maso yammacin ƙasar, kuma babu wata sana'a a Bangladesh da ake kira 'yar ƙwallo. Babu ƙungiyar mata ta ƙasa, babu gasar kulob-kulob, babu wata babbar yaya da yarinya za ta kalla ta ce ni ma haka nake so in zama.

Abin mamakin shi ne wannan ƙasa ce da mata suka daɗe suna riƙe da ragamarta. Daga 1991 har zuwa 2024 kujerar firaminista ta yi ta kai-komo tsakanin Khaleda Zia da Sheikh Hasina. Masaƙun da ke ɗinka tufafin da ake sayarwa a Turai da Amurka, waɗanda su ne ƙashin bayan tattalin arzikin ƙasar, mata ne suka cika su. An yarda mace ta mulki ƙasa, an yarda ta wuni a kan keken ɗinki, amma ta sa takalmin ƙwallo ta shiga fili, nan ne aka ga abin ya yi yawa. Ga kuma aurar da yara da wuri, domin kusan rabin matan ƙasar kan yi aure kafin su cika shekara 18. Yarinyar da ta fara buga ƙwallo tana da shekara 13, lokacin da ƙafarta za ta fara nuna, lokacin ne masu neman aure ke fara sallama a ƙofar gida.

An haifi Sabina ranar 25 ga Oktoba, 1993. Satkhira yanki ne da ke bakin iyakar Indiya, dab da dajin Sundarbans, inda ruwan gishiri ke cin gonaki, guguwar teku kuma ke kai ziyara lokaci-lokaci. Wadda aka yi wa laƙabi da Aila ta yi musu mummunar ɓarna a 2009. Ba wurin da mutum zai je neman tauraruwar wasa ba ne. Sai dai akwai wani mai horarwa a garin, Akbar Ali, wanda ya ɗauki nauyin tara 'yan mata yana koya musu wasanni, yana kuma bin iyaye gida-gida yana lallashi. A hannunsa Sabina ta fara. Duk wanda ya bi tarihin ƙwallon mata a ƙasashe irin wannan zai tarar da mutum irinsa a tushe: malami ko koci guda, ba shi da kuɗi, ba shi da ofis, sai haƙurin jure baƙar magana daga maƙwabta.

A farkon 2010 ne ƙungiyar mata ta ƙasa ta fara buga wasa a hukumance, a gasar wasannin Kudancin Asiya da aka yi a Dhaka, inda suka samu lambar tagulla. A ƙarshen shekarar aka yi gasar mata ta farko ta hukumar ƙwallon yankin, wato SAFF, a garin Cox's Bazar na bakin teku. Sabina na cikin wannan rukuni na farko, tana da shekara 16 zuwa 17, 'yar gaba mai sanyin kai a gaban raga. A wancan zamani Indiya ce ke cin karenta babu babbaka a yankin, Nepal na biye da ita, sauran kuma sai dai su yi addu'ar kada a yi musu ruwan ƙwallaye.

Wurin da ya fi ɗaukar hankalina a rayuwarta shi ne tsakanin 2013 da 2020. An fara gasar kulob-kulob ta mata a 2011, aka yi ta 'yan shekaru, sai ta mutu murus bayan 2013. Shekara kusan bakwai ba a sake yin ta ba. A lissafa: daga tana 'yar shekara 20 har ta kai 26, wato ganiyar ƙarfin ɗan wasa, lokacin da gudu da wayo ke haɗuwa a jiki guda, babbar mai cin ƙwallon ƙasar ba ta da kulob ɗin da za ta buga wa wasa duk mako a gida. Mai sana'a ce da ba ta da kasuwa. Mutane da dama da suka fara tare da ita a nan suka tsaya. Wasu suka yi aure, wasu suka nemi aikin ɗamara, wasu suka koma gida shiru. Ita sai ta fita nema. A 2015 ta tafi tsibiran Maldives ta buga wa kulob ɗin 'yan sandan ƙasar, abin da ya sa ta zama mace ta farko daga Bangladesh da ta taka leda a wani kulob na waje. A 2018 ta shiga gasar mata ta Indiya da kulob ɗin Sethu na jihar Tamil Nadu, nan ma ita ce ta farko daga ƙasarta. Waɗannan ba manyan kwantiragi ba ne irin na Turai; gasanni ne na 'yan makonni, a gama a sallame ka. Amma sun nuna wa 'yan bayanta cewa ƙafar mace 'yar Bangladesh tana da farashi, akwai wanda zai biya don ta zo. A cikin waɗannan shekaru ne kuma, daga 2015, aka ɗaura mata ƙyallen kyaftin.

Yayin da take wannan fafutuka, wani abu na tsirowa a ƙasa wanda ba ita ta shuka ba. A 2011 gwamnati ta ƙirƙiro gasar 'yan mata ta makarantun firamare, aka sa mata sunan Bangamata, don tunawa da mahaifiyar Sheikh Hasina. Dubban makarantu suka shiga. Hikimar abin ita ce an kama yaran tun suna ƙanana, tun kafin a fara cewa sun girma, kuma an ɗora nauyin a kan makaranta, wurin da iyaye suka riga suka amince da shi. A ƙauyen Kalsindur na gundumar Mymensingh, a gindin duwatsun Garo kusa da iyakar Indiya, wani malamin firamare mai suna Mofiz Uddin ya ɗauki umarnin da gaske. Ya tara ɗalibansa mata, waɗanda da farko da riga da wandonsu na gida suke buga ƙwallon, ya riƙa yi musu atisaye bayan an tashi daga makaranta. Makarantar ta ci kofin na ƙasa fiye da sau ɗaya. Daga wannan ƙauye guda aka samu Sanjida Akhter, da Maria Manda, da Tohura Khatun, da 'yan mata biyu masu suna Shamsunnahar, da ake bambanta su da babba da ƙarama. Sunan da yaran suka yi ne ya jawo hankalin hukuma har aka kai wa ƙauyen wutar lantarki.

A ganina a nan ne zukata suka fara juyawa, kuma ba da muhawara aka juya su ba. Uban da ya ce 'yarsa ba za ta yi ƙwallo ba yana da dalilansa: sutura, cuɗanya da maza, tsoron bakin mutane, da fargabar kada ta rasa mijin aure. Ba a kawar da waɗannan da lacca. Abin da ya sassauta shi shi ne ganin 'yar maƙwabcinsa ta hau jirgin sama, ta dawo da kuɗin da aka sake rufin ɗaki, an nuna ta a talabijin tana riƙe da tutar ƙasa, kuma mutuncinta na nan bai taɓu ba. Mai karatu a Kano ko Damagaram ya san wannan uban, ya san kuma tambayoyinsa ba na wauta ba ne.

Hukumar ƙwallon ƙasar ta kwashi fitattun yaran ta ajiye su a sansani na dindindin a hedikwatarta da ke unguwar Motijheel a Dhaka, a ƙarƙashin koci Golam Rabbani Choton. A nan suke kwana, a nan suke ci, shekara da shekaru. Sakamako bai jima ba: kofin yanki na 'yan ƙasa da shekara 14 a 2015 da 2016, gurbi a gasar Asiya ta 'yan ƙasa da 16 a 2017, kofin SAFF na 'yan ƙasa da 15 a 2017, na 'yan ƙasa da 18 a 2018. Waɗannan yara suka taso suka tarar da Sabina a babbar ƙungiya, ta girme wa yawancinsu da shekara bakwai zuwa goma. Ta zama yaya, ta zama uwar ɗaki, ta zama mai magana da yawunsu. Tare da wasunsu ta kai wasan ƙarshe na SAFF a Siliguri a Janairun 2017, inda Indiya ta doke su da ci 3 da 1.

Sai Satumbar 2022 a Kathmandu. Suka fara da Maldives, suka ci 3 da nema. Suka yi wa Pakistan 6, Sabina ta zura uku. Suka doke Indiya 3 da nema, karo na farko a tarihi, Indiyar da ta lashe duk gasannin SAFF biyar da aka yi kafin nan. A wasan kusa da na ƙarshe suka zuba wa Bhutan 8, Sabina ta sake zura uku. Ranar 19 ga wata suka fuskanci mai masaukin baƙi Nepal a wasan ƙarshe a filin Dasharath, an sha ruwan sama, fili ya zama taɓo, 'yan kallo kuma kusan duk na Nepal ne. Ba a yi nisa da farawa ba aka fitar da 'yar gaba Sirat Jahan Swapna saboda rauni, aka sako Shamsunnahar ƙarama, yarinyar Kalsindur. Cikin 'yan mintoci ta tari wata ƙwallo da aka kwaso daga gefen dama ta karkata ta cikin raga. Dab da hutun rabin lokaci Sabina ta zura wa Krishna Rani Sarkar ƙwallo tsakanin 'yan baya, Krishna ta ci ta biyu. Nepal ta farke ɗaya bayan an dawo, filin ya ɗauki sowa, aka ga kamar za a juye. Krishna ta sake ci, aka tashi 3 da 1. Ƙwallo 23 suka ci a gasar, ɗaya tak aka zura musu. Sabina ta ɗauki kyautar wadda ta fi cin ƙwallo da guda 8, da ta gwarzuwar gasa. Rupna Chakma ta ɗauki ta mai tsaron raga.

Yana da kyau a dubi sunayen nan da kyau. Krishna mabiyar addinin Hindu ce daga Tangail. Maria Manda 'yar ƙabilar Garo ce. Rupna da Monika da Ritu Porna 'yan ƙabilar Chakma ne daga tsaunukan Chittagong, yankin da ya sha rikici da gwamnatin tsakiya shekaru da dama, wanda mutanensa ke kukan ana mayar da su saniyar ware. Sabina da Sanjida da Masura Parvin Musulmi ne. Mafi yawansu 'ya'yan manoma ne da masu ƙaramin ƙarfi. Ƙungiyar da ta fi kowace kama da ainihin Bangladesh ita ce wadda a da aka ce kada ta fito fili.

Kafin wasan ƙarshen, Sanjida ta yi wani rubutu a Facebook da ya zagaye ƙasar, inda ta nuna cewa ba don a zagaya da su gari a buɗaɗɗiyar mota suke son cin kofin ba, sai don mutanen da suka tsaya musu lokacin da jama'a ke yi musu gori. Maganar ta taɓa mutane, har hukumar sufuri ta gwamnati ta ɗauko bas mai hawa biyu ta yanke rufinta cikin gaggawa. Ranar 21 ga Satumba aka ɗauko su daga filin jirgin sama zuwa Motijheel, tafiyar da ta ci sa'o'i saboda cincirindon jama'a a bakin titi da kan gadoji. A kan hanya wani allon talla ya bugi Ritu Porna a ka, sai da aka yi mata ɗinki. Shekara 18 ke nan bayan gasar da aka yi da gadin 'yan sanda, a birni guda.

Da labarin ya tsaya a nan da an ji daɗi. Wata shida bayan bikin, hukumar ƙwallon ta janye ƙungiyar daga wasannin neman gurbin Olamfik da za a yi a Myanmar, ta ce babu kuɗin tafiya. Zakarun yanki suka zauna a sansani watanni ba wasa. Swapna ta ajiye takalmi tana da ƙuruciyarta. Koci Choton, wanda ya raine su tun suna yara, ya yi murabus a 2023. Sai da 'yan wasan suka matsa lamba, Sabina na gaba, kafin aka ɗaga albashin manyansu daga taka 10,000 na kuɗin ƙasar zuwa 50,000 a wata. Gasar kulob-kulob da aka farfaɗo da ita a 2020, inda Sabina ta ci kofuna da Bashundhara Kings, ta kasance gajeriya, kulob ɗaya ko biyu ne ke da ƙarfi, sauran ana yi musu cin ƙwallo goma-goma. Wannan ne ya sa nake ganin girmamawa ta riga sana'a isowa. An ba su furanni da lambobin yabo, amma tsarin da zai sa yarinya ta rayu da ƙafarta shekara goma sha biyar, ta kuma san abin da za ta ci bayan ta daina, bai ginu ba. Dukan abin yana rataye ne a kan sansani guda a gini guda. Wadda aka cire daga sansanin ta rasa albashi, ta rasa masauki, ta rasa filin atisaye a rana ɗaya.

Duk da haka suka koma Kathmandu a 2024 suka kare kofinsu. Ranar 30 ga Oktoba suka sake doke Nepal, 2 da 1, Monika Chakma da Ritu Porna suka ci. Wannan karon kocin Bature ne ɗan Ingila, Peter Butler, kuma tun ana cikin gasar aka ji ƙishin-ƙishin ɗin cewa ba sa ga maciji da manyan 'yan wasan. Shi yana son sabon jini da wasa mai sauri. Su suna ganin ana wulaƙanta waɗanda suka kafa gidan. A ƙarshen Janairun 2025 abin ya fashe. 'Yan wasa 18, Sabina a gaba, suka tsaya gaban 'yan jarida, wasu na hawaye, suka zarge shi da cin zarafi da munanan kalamai, suka ce ko shi ko su. Ya musanta, ya ce batun ɗa'a ne da ƙwazo. Hukuma ta kafa kwamiti, daga ƙarshe ta riƙe kocinta. A cikin wancan makon ne kuma masu zanga-zanga suka tilasta soke wasannin mata a gundumomin Joypurhat da Dinajpur, abin da ya tuna wa kowa cewa 2004 ba ta yi nisa kamar yadda ake zato ba. A watan Fabrairu gwamnatin riƙon ƙwarya ta Muhammad Yunus ta ba ƙungiyar lambar Ekushey Padak, ɗaya daga cikin manyan lambobin girma na ƙasar, alhali da yawa daga cikin masu karɓar ba sa zuwa atisaye.

Sannu a hankali aka mayar da da yawa daga cikin masu boren, irin su Ritu Porna da Monika da Maria da Rupna. Ba a mayar da Sabina ba. Aka ba matashiya Afeida Khandaker ƙyallen kyaftin. Sabina ta tattara ta tafi Bhutan, ta shiga kulob ɗin Paro, ta koma abin da ta saba tun 2015, wato neman filin wasa a ƙasar wasu.

Koci na da haƙƙin zaɓar wanda zai buga masa, kuma shekara 31 ba ƙuruciya ba ce ga 'yar gaba. Babu ɗan wasan da ya fi ƙarfin benci. Amma akwai bambanci tsakanin a ajiye mutum da a yar da shi. Macen da ta ɗauki shekara 15 tana sanye da rigar ƙasa, ta fi kowa ci mata ƙwallo, ta ɗaga mata kofi biyu, ta yi wa ƙannenta yaƙin albashi, ta cancanci a zaunar da ita a yi magana ta mutunci, a shirya mata wasan bankwana, a buɗe mata hanyar horarwa. Kuma koke-koken mata 18 game da yadda ake yi musu magana ba abin da za a share ba ne don kawai sakamako ya yi kyau daga baya. Abin da ya fi damuna shi ne darasin da ƙananan da ke sansanin suka ɗauka: sun ga wadda ta fi kowa girma a cikinsu ta buɗe baki, sun ga kuma abin da ya biyo baya.

Sakamakon kuwa ya yi kyau, wannan ba a musu. A ƙarshen Yuni da farkon Yulin 2025, a birnin Yangon, Bangladesh da ke matsayi na 128 a jadawalin FIFA ta lallasa Bahrain 7 da nema, sannan ta doke mai masaukin baƙi Myanmar, wadda ke matsayi na 55, da ci 2 da 1. Ritu Porna ce ta ci duka biyun da ƙafarta ta hagu, yarinyar nan da allon talla ya fasa wa kai a kan bas. Suka ƙarasa da Turkmenistan 7 da nema, suka samu gurbi a gasar cin kofin Asiya ta mata ta 2026 a Ostireliya, karo na farko a tarihin ƙasar. A Myanmar ɗin da aka ce babu kuɗin kai su shekara biyu da suka wuce. Ƙuri'a ta haɗa su rukuni ɗaya da Sin da Koriya ta Arewa da Uzbekistan. Kusan duk waɗanda suka buga wasannin na Yangon sun yi shekaru suna kwana a sansani ɗaya da Sabina, suna kiranta yaya, kuma da yawansu ba su shiga firamare ba lokacin da ta fara buga wa ƙasa. Ita a lokacin tana ƙarƙashin kwantiragin kulob ɗinta na Bhutan, sunanta ba ya cikin jerin waɗanda aka tafi da su.